Turaren Ranar Alhamis

Jiya ina wucewa ta wani lungu a Birnin Damagaram, ƙamshin turaren wuta ya fito daga wani zaure ya tare ni. Nan take Iya ta faɗo mini a rai.

Ba ita ta haife ni ba. A ɗan gidan tarihin unguwarmu muka saba, inda muke aikin sa kai, wasu shara, wasu zagayawa da 'yan lakkol, wato yaran makaranta. Ita duk Alhamis sai ta zo da kasko da garwashi, ta turara tsofaffin riguna da zannuwan da mutane suka kawo ajiya.

Wata rana na ce, "Iya, hayaƙin nan zai ɓata kayan. A kulle su cikin gilashi mana."

Ta ɗaga wani baƙin zane da kakarta ta zo da shi daga Barno. Hayaƙi na ratsa shi a hankali cikin hasken taga, kamar mai zanen ce za ta fito. Ta ce, "Ɗiyata, tufa in ta daina jin ƙamshin mutane, asu ke gadonta."

Dariya na yi. Bayan rasuwarta muka kulle komai, muka jingine kaskon. Damina ɗaya kawai, na tarar asu ya huda zanen nan wuri uku. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ta.

Yanzu ni ke hura garwashin. Allah ya jiƙan Iya, ya sa makwancinta ya fi ɗakin nan ƙamshi.