Ɗiyar Fari Ba Ta da Suna

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini. In tana ba wani labarina sai ta ce "waccan". Haka al'ada take wajenmu: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Ban taɓa jin zafin abin ba sai da anka kawo ƙaramar.

Ina da shekara tara aminiyar Inna ta rasu a Garou, ta bar ɗiya ba a ko yaye ta ba. Inna ta tafi gaisuwa da kwano, ta dawo da goyo. Ranar Baba ya tara mu ya ce wannan ɗiyar gidan nan ce, wanda duk ya gaya mata wani abu daban zai gamu da shi. Da "wanda duk" ni yake nufi, don ni kaɗai ce mai bakin.

To, sai ga Innar da na sani da ɗaure fuska tana rawa da yarinya tsakar gida. Sunan nan kuwa, wayyo, tun safe har magariba shi ake kira, har da waƙa anka yi masa. Ni ko ina gindin turmi ina daka, ana ce mini "ke, miƙo ludayi". Na tsani yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. Abin haushin, ita ba ta san ina yi ba. Duk inda na sa ƙafa tana biye tana "Yaya, Yaya", hanci duk majina.

Ba ta da ƙwari. Damina ba ta wucewa sai masassara ta kayar da ita sau biyu ko uku. Inna ta goya ta, ta ɗauki karnenta, ɗan littafin nan na likita, su hau moto, babur ke nan. Su dawo da siro mai zaƙi da lemu, a kwantar da ita bisa cinya ana yi mata fifita. Wallahi na sha roƙon Allah ya ba ni masassara. Ko ciwon kai bai ba ni ba, jikina kamar na jaki.

Layyar da ƙaramar ta cika shekara huɗu ce ta ƙure ni. Inna ta yanki atamfa ɗaya a kasuwa, tela ya ɗinka musu iri ɗaya ita da ƙaramar, har ɗan kallabi. Nawa daban, wai na girma. Da anka sauko daga idi mata sunka dinga cewa kai, ga uwa ga ɗiya, kamar an tsaga kara. Ina tsaye riƙe da tabarma ba wanda ya dube ni.

Da hantsi anka gicciye raguna bisa itace kewaye da wuta, yadda ake yi kowace shekara a ƙofar gida. Anka aike ni in kai gishiri. Akwai wani garwashi da ya gangaro gefe. Ban ce da gangan na taka shi ba, ban kuma ce ban gan shi ba. Ihun da na yi dai na gaske ne.

Inna ta fito ba ko takalmi. Ba ta rungume ni ba, ta dai ce ashe idanuna na ado ne. Amma ita ta durƙusa ta ɗaure mini ƙafa. Ta goya ƙaramar don ba mai riƙe ta, munka hau moto mu uku zuwa likita.

Ranar salla ce, ma'aikaciya ɗaya ke aiki, wata baƙuwa 'yar kudu da ba ta daɗe da zuwa garinmu Malanville ba, Dandanci, yaren garin, ma tsinci-tsinci take yi. Ta san ƙaramar, har ta ja mata kumatu. Ni ban taɓa zuwa ba, sai an buɗe mini karne. Ta ɗauki alƙalami ta tambayi Inna sunana.

Inna ta sunkuyar da kai ta zungure ni, wai in faɗa. Nan shaiɗan ya raɗa mini. Na kame bakina gam. Ƙafata na zugi kamar ta cire, amma na rantse a raina yau sai na ji sunan nan daga bakinta, ko da za mu kwana bisa bencin. Ta sake zungura ta. Na kalli bango.

Ƙaramar ta leƙo daga goyo ta ce sunanta Yaya. Tsofaffi biyu da ke jiran layi sunka kwashe da dariya. Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba. Ta aje alƙalami ta fara faɗa, wai ta gane, wannan ce marainiyar da ake cewa ana riƙo a gidan. Wai haka mutane suke, su ɗinka wa tasu sabon kaya irin nasu, ɗiyar riƙo kuwa a tura ta bakin wuta, ko sunanta ba a sani ba.

Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Wata daga cikin tsofaffin ta buɗe baki za ta yi bayani, Inna ta riga ta.

"Ɗiyar mutane ake kira da suna," ta ce. "Wannan tawa ce, ni na haife ta."

Wani sanyi ya ratsa ni har na manta da ƙuna. Shekara biyu da wani abu ina jiran ko rabin wannan. Na ɗaga kai in dubi ƙaramar, in ga yadda ta ji, don muguntata ba ta gama ba. Ta saki wuyan Inna, tana kallon hannun rigarta da na rigar Inna.

"Inna, ni ɗiyar wa ce?"

Ni da kaina na faɗa wa ma'aikaciyar sunana, da sauri, har da na Baba, don dai a samu abin cewa. Ta rubuta, ta wanke ƙafar, ta naɗe, ba ta ƙara ɗaga ido ba.

Inna ta kwance goyon ta maido ta gaba, ta manna ta a ƙirji. Tun daga ƙofar likita har gida sunanta take kira a hankali, tana sakewa, yarinyar ba ta amsa ko sau ɗaya ba. Ina bayan moto da ƙafa a naɗe, na samu abin da na taka wuta dominsa, kuma Allah ya sani ko a lokacin kishin sunan nan nake ji.