Jarkar Perekeme

Da asuba Perekeme ya ci gasasshiyar ayaba, ya ɗaura jarkarsa a ƙugu don kada ya nutse. Masunci ne amma bai iya iyo ba, kowa ya sani.

"Angon jarka, ina amarya?" in ji abokansa.

Ya yi dariya, ya tura kwalekwale. Da rana bututun mai ya fashe a teku, Perekeme bai dawo ba.

Wakilin kamfanin mai ya zo zaman makoki, ya ce Perekeme ne ya yi ninƙaya zuwa ƙasan ruwa ya fasa bututun. Mahaifiyarsa Ebiere ta fara tuntsirewa da dariya, sai kowa ya ɗauka. Mutumin ya janye maganarsa, ya fice.

Ebiere ta ba ƙanen Perekeme tarunsa. Jarkar da ruwa ya maido kuwa, yara ke koyon iyo da ita.