Firij Mai Kiɗa a Suwaidi

A shekarun da nake tuƙa iyalin wani Balarabe a Riyad, mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Suwaidi, na bakwai ɗinmu kuma firij. Ba ya sanyaya komai. Wani abokin zamanmu mai gyaran wuta, Bazazzagi da ya daɗe a Legas, shi ya kwashe kayan cikinsa ya dasa lasifika biyu. Lokacin an hana kiɗa, 'yan hisba na yawo, amma ba su taɓa tuhumar firij ba.

Kiɗan da mai gyaran wutar yake sawa ska ne, na Jamaika, ƙaho da jita suna tsalle kamar ɗan akuya ya ƙoshi. Ya ce talakawan can ne aka hana su shiga gidajen rawa na manya, sai suka fito da lasifika bakin titi.

Na ce, "To mu ma mu fito da tamu mana."

Ya ce, "Iƙamarka ta zama a ƙasar nan ce ta ishe ka, ko?"

Don haka duk Juma'a bayan masallaci sai mu ɗora firij a bayan a-kori-kura, mu nufi wata istiraha, gidan shaƙatawa mai katanga a bayan gari. Da farko mu kaɗai ne. Daga baya leburori 'yan Sudan suka biyo mu, sai wani kuku ɗan Bangaladash da ba ya jin ko kalma ɗaya amma ya fi kowa karkaɗa kafaɗa.

Ana gab da zaɓe a gida, shugaban ƙungiyar 'yan jiharmu ya ji labarin taron. Akanta ne a wani dogon bene a unguwar Ulaya. Ya zo da babbar riga, ya tambayi ina teburin manya. Muka ba shi kujerar roba. Ya ce a kashe kiɗan 'yan tasha, a miƙo makirfo. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da zai iya zuwa jefa ƙuri'a, amma wannan bai dame shi ba.

Mai gyaran wuta ya miƙa masa, ya murɗa abin amsa-kuwwa har ƙarshe.

"Ɗan takararmu mai riƙon amana ne," in ji shugaba.

Firij ya ce, "Mana, mana, mana."

Wani lebura daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, ka samu ƙuri'a ɗaya."

Ya tafi da fushi, ya cire sunayenmu daga ƙungiya. Ashe muna ciki, sai ranar muka sani.

Bayan wasu shekaru aka saki kiɗa a ƙasar, manya suka fara zuwa kallon mawaƙa, mu muna jiran su a wajen ajiye motoci. Sai ga shugaba ya kira ni: zai aurar da ɗansa, yana son firij.

"Amma ku shigo ta ƙofar baya," ya ce.

Muka shiga ta baya, inda ake rabon nama. Firij ne aka kai gaba, kusa da ango, har da lulluɓa masa mayafi.