Gayaunar Jikar Malam

Ban san baƙi ba, ni ke faɗa ana rubutawa. Ina faɗa ina kuka, kuma ba zan ɓoye ba.

A ɗakin Malam na tsufa, a wani ƙauye kusa da Tsiga. Manomi ne, masara da auduga, kuma duk garin an san shi da wasa da jikoki. Zai dawo gona da laka har gwiwa, ba zai taɓa buta ba sai ya yi rarrafe a tsakar gida yara sun hau bayansa, yana kukan jaki. Yakan zuba gyaɗa a hula ya kifa a kai, ya zauna yana nishi wai kansa na ciwo, a zo a duba masa.

Babban ɗana ba ya son wannan. Alhaji ake ce masa, yana da shagon taki a Funtua, kuma tun da ya sayi mota ya fara jin kunyar ubansa. Wata rana ya shigo da baƙi ya tarar da Malam a ƙasa, jikoki uku a bayansa.

Ya ce, "Baba, don Allah ka tashi. Kana zubar mana da mutunci."

Malam ya ɗago ya ce, "To Alhaji, kai ma a bayan nan ka sha yi mini fitsari, mutuncin bai zube ba."

Baƙi suka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Maza uku muka haifa. Na tsakiya ya rasu ya bar 'yar yaye, uwarta ta yi aure a Dandume, yarinya ta dawo hannunmu. Ita ce amaryar Malam, kamar yadda kowane kaka ke kiran jikarsa. A wuya yake ɗaukarta zuwa gona, suna tafe suna faɗa.

"Ni ban son ka, tsoho. Ba ka da haƙora."

"Haƙoran suna wurin gyara a Malumfashi, amarya. Ranar kasuwa zan karɓo."

"Haka ka ce bara."

"Mai gyaran ne ya yi tafiya."

A ƙasan gonarmu akwai gayauna, daga gindin tsamiya zuwa bakin rafi, baƙar ƙasa wadda ba ta bushewa ko da rani. Wata shekara da kaka, ranar ciran auduga, mata sun cika gona, 'ya'yansa biyu suna tsaye, maƙwabcinmu na gona yana nan. Malam ya cire hula ya durƙusa gaban yarinyar nan, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida, gayaunar nan daga tsamiya zuwa rafi sadakin amaryata ce, na ba ta." Mata suka rangaɗa guɗa, kowa na dariya, har da ni.

Da muka dawo gida ya ce mini, "Kin san ba wasa nake ba. Ubanta ya riga ni, ranar da na mutu ba ta da gado."

Na ce, "To ka kira liman da mai unguwa ka faɗa musu."

Ya ce, "Haba. 'Ya'yana sun ji da kunnensu. Jinina zan kira wa shaidu?"

Nan ne kawai Malam ya yi wauta a zamana da shi. Bai iya faɗin magana mai nauyi ba sai da raha, kuma yana zaton duk wanda ya haifa ya san inda rahar ta tsaya. Kowace shekara shi ke nome gayaunar, ya ware amfaninta a ɗan ƙaramin rumbu. Da shi yarinya ke samun sabulu da littafi da takalmin makaranta.

Damina biyu da suka wuce, bayan an gama huɗa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ko a kwancen bai daina ba. Yarinya tana ba shi kunu, ya ce, "Amarya, in na tafi ki yi mini takaba, kada ki bar wa tsohuwar nan ita kaɗai." Ta ajiye ƙoƙon ta fita da gudu. Bai kai mako ba.

Da kun ga Alhaji a zaman makoki. Ya yanka sa, ya zauna kan darduma yana shafa busassun idanu, yana ba manyan baƙi labarin yadda mahaifinsa ke son yara. Har kukan jakin ya ba da labari, wai abin da ba zai taɓa mantawa ba ke nan. Ina ɗaki ina jiyo shi, na rasa wanda zan tofa wa yawu.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure, ina bayan ƙofa saboda takaba. Da na ji an ambaci bakin rafi sai na ce, "A cire gayauna, ba ta cikin gado. Malam ya ba jikarsa."

Alhaji ya ce, "Inna, wasan kaka da jika ne fa. Ai ya sha ce mata ya saya mata jirgin sama. Shi ma mu nemo mata?"

Na ce, "Jirgin sama ka ga an gina wa rumbu?"

Autana yana zaune yana ta latsa waya. Namiji har da gemu, amma in yayansa ya yi tari sai ya nemi wurin ɓuya.

Liman ya aika aka kira maƙwabcin gona. Ya zo yana sosa ƙeya ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji ya faɗa. Amma tsakani da Allah, duk dariya muke yi." Mutumin da shekara da shekaru shanun Malam ke yi masa huɗa. A shagon Alhaji yake sayen taki, shi ya sa ya tuna dariyar ya manta durƙuson.

Liman ba shi da laifi. Ya ce maganata ni kaɗai ba ta isa ba, ya roƙe su su bar wa marainiya don Allah. Alhaji ya ce ai 'yarsa ce, zai riƙa duba ta. Na san dubawarsa, atamfa ɗaya ranar Sallah, ita ma sai direba ya kawo.

Sai na ce, "Malam liman, ni me nake da shi?"

Ya ce, "Tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas."

"To a auna mini shi a bakin rafi."

Alhaji ya ce, "Inna, me za ki yi da gona a shekarunki? Ba ga mu ba?"

Na ce, "Na gan ku. A auna."

Nan auta ya samu baki, ya ce ƙasar rafi ta fi ta tudu daraja, ba za a auna su ɗaya ba. Aka yi ta ja har la'asar. Da aka kai igiya, abin da ya faɗo mini bai fi rabin gayaunar ba. Tsamiyar ta faɗa ɓangaren Alhaji.

Ban bari sun watse ba. Na sa aka kira mai unguwa, aka fito da yarinya ta tsaya a gabansu. Na ce, "Wannan rabo nawa na ba ta, halak malak, daga yau." Na sa aka rubuta, na dangwala yatsa. Na ce wa maƙwabcin, "Kai kuma, ka ji ko in maimaita? Ka ga haƙorana a waje?" Ya ce ya ji.

Bana yarinya ta shuka kuɓewa da barkono a wurin, ta fi ni sanin ƙasar. Alhaji kuwa ya sa an ja waya a kan iyaka, kada 'yar ƙaninsa ta taka masa albasa. Allah ya jiƙan Malam, na gode da bai ga wayar nan ba.