Na Hana Ƙanwata Auren Ɗan Mahauta

A wancan lokacin ni matashin tela ne a Gwarzo, in na samu sarari sai in shiga situdiyo in rera waƙoƙin soyayya. Duk baitocina magana ɗaya suke yi: so ba ruwansa da asali. 'Yan mata na ta sa su a waya, ni kuwa sai jin kai nake yi.

Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a gida. Sai wani saurayi daga Gammo, malamin firamare, ya fito neman ƙanwata, baffanninmu suka bar maganar a hannuna. Ba wanda ya taɓa jin abin kunyarsa, amma da na ji gidansu mahauta ne, na ce sam, ba za mu haɗa zuri'a da masu fawa ba. Inna ta yi ta ba ni baki, na ƙi ji. Ƙanwata ba ta yi mini musu ba, sai dai ta daina dariya a gabana, duk wanda ya zo zance kuma ta ƙi fita. Haka muka shekara biyu.

Wata rana na kai ɗinkin biki Masanawa. Ina zaure ina jiran a karɓa, mata na kiɗan ƙwarya a cikin gida, wata dattijuwa na ba da waƙa. Cewa take mawaƙan so na zamani bakinsu zuma, amma da an zo aure sai su hau tonon kakanni. A ci naman mahauci, a yi noma da fartanyar maƙeri, sannan a ce 'ya'yansu ba sa auruwa. Ta rufe da fatan Allah ya nuna mata ranar da za a duba halin mutum, ba sana'ar ubansa ba. Mata suka ɗau shewa. Ba ta san ni ba, amma na ji kamar da ni take.

Daga nan Gammo na wuce, na durƙusa gaban mahaifin saurayin na ba shi haƙuri. Ya ce, “Tashi, ɗana. Ai shi ma bai nemi wata ba.”

Yau 'ya'yansu uku, suna zaune lafiya, in na je ƙanwata har tsokanata take yi. Na gode Allah, sai dai shekaru biyun da na cinye mata ba ni da ikon mayar mata da su. Ku da aka ba amanar ƙanne da 'ya'ya, ku binciki halin mai nema da addininsa, ku tsaya nan. Ni na yi sa'a ya jira. Ba kowa ke jira ba.