Kaset ɗin Baba na ƙarshe

Jiya a Kurugu Inna ta sa in ɗauki muryarta a waya, za ta aika wa Yaya Sani da ke Fatakwal. Sai da ta yafa mayafi ta gyara zama, kamar yadda take yi a da in za a ɗauki kaset.

Lokacin da Baba yake aiki a Ikko, kaset ne wasiƙarmu. Direba ya kawo shi Karaye ranar kasuwa, mu kewaye rediyo mu saurara.

Tana cikin gaishe-gaishe sai ta fara sauri.

"Inna, ki yi a hankali mana."

"Kar zaren ya ƙare ban gama ba."

"Wannan ba ya ƙarewa. Ko la'asar za ki kai, zai ɗauka."

Sai ta ce, "Ina ma babanku ya samu irinsa."

Sai na tuna. Kaset ɗinsa na ƙarshe ya tsaya ne a kan "Ki faɗa wa yara su..." A can Allah Ya yi masa rasuwa, bai ƙarasa mana ba.

Na bar ta ta yi ta magana har kununta ya huce.

Ku fa, muryar wa kuke ajiye da ita a kaset har yau?