Kifin da Na Kai wa Dakta

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai wa wani dattijo soyayyen kifi ba, kuma duk wanda muka ɗauka aiki sabo sai ya ji labarin daga bakina.

Lokacin ina shekara ta biyu a wani ƙaramin gidan abinci kusa da Oxford Road a Manchester, ba a daɗe da ba ni shugabancin masu kai abinci tebur ba. Ni ɗan Kafanchan ne, Kirista, kuma kakata burkutu take dafawa. Da na zo ƙasar nan na tarar da masu dafa giya kaɗan-kaɗan a cikin unguwanni, kowa da irin tasa, sai abin ya shiga raina. Na koyi wadda take dacewa da naman rago da dankali irin na Lancashire, da wadda sai da cuku take daɗi. Har ni na ba kukunmu shawarar ya riƙa kwaɓa fulawar soya kifi da wata farar giya ta unguwarmu. Kifin ya karɓu, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ƙa'idar aikinmu ita ce kafin ka karɓi odar mutum, ka tambaye shi abin da ba ya ci da wanda ba ya sha, ka rubuta, ka miƙa kicin.

Ran nan da azahar wasu likitoci suka shigo bayan sun tashi daga taro. Na ji ɗaya daga cikinsu, mai furfura a gemu, yana waya da Hausa. Da ya gama na rusuna na ce, "Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Ya ɗago da murna. "Ikon Allah! Ɗan ina ne?"

Muka gaisa kamar mun san juna. Ya ce shi Bakatsine ne, Dakta Kabiru, a Aston yake zaune can Birmingham. Sai ya ture takardar abincin ya ce, "Ka ga, ɗana, wannan menu ɗin is too long. Ka san mu, ka san abin da muke ci. Na bar maka."

Kunya ta hana ni tsare babba da tambayoyi kamar baƙo. Na ɗauke kofin da ake ajiye wa kowa don giya daga gabansa, na kawo masa lemon citta. Na kauce wa nama gaba ɗaya tunda ba yankan Musulmi ba ne. Na zaɓa masa kifina da nake taƙama da shi. A kofi kawai nake ganin giya. Wadda na sa aka zuba a fulawa ko tuna ta ban yi ba.

Ya ci fiye da rabi yana yabawa. Sai kuku ya fito, kamar yadda ya saba yi wa babban tebur, yana bayanin kowane abinci da giyar da ta dace da shi. Da ya zo kan kifi ya faɗi abin da aka kwaɓa shi da shi, har ya nuna ni ya ce dabarata ce.

Dakta ya ajiye cokali a hankali. Ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya. "Ka san da wannan?"

Maimakon in ce na yi kuskure, sai bakina ya ce, "Ai wuta tana ƙone ta, ranka ya daɗe."

"Ni likita ne, na san abin da wuta take yi," in ji shi. "Ba shi na tambaye ka ba."

Bai kai ƙarata wajen manaja ba, abokansa ma ba su gane komai ba. Ya nemi ruwa ya kurkure baki. Daga nan har suka tashi, da Turanci yake yi mini magana, cikin ladabi, kamar kowane ma'aikaci. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ya zage ni.

Mantuwar ba ta cika damuna ba, kowa yana yi. Amsar da na ba shi ce take ci mini rai, don kaina na kare a lokacin da haƙuri ya kamata in ba shi. Aikin nan ya koya mini cewa wanda ya yarda da kai shi ka fi saurin cuta, domin shi ba zai bincika ba. Na je Birmingham sau da yawa bayan nan, na bi ta Aston a bas, amma har yau ban iya sauka na neme shi ba.